Ƙofa Ɗaya, Kwaɗo Biyu: Ran Ma'aikaci In Gobara Ta Tashi a Ofis

Jawabin da aka gabatar a taron hutu na ɗaliban jami'a 'yan ƙasar Kabo da Gwarzo, a garin Gude



An nemi in yi magana a kan tsaron lafiyar ma'aikata a ofis, da abin da ya kamata a yi in hatsari ya auku. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan Gude da wannan batu, tun da ba mu da dogayen benaye irin na Ikko? Amsar tana zaune a gabana. Yawancinku nan da shekara biyu ko uku a ofis za ku wuni, wasu a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kabo ko Gwarzo, wasu a Sakatariyar Audu Baƙo a Kano, wasu a banki ko asibiti, wasu kuwa Abuja za ta ɗauke su. Sa'o'i 8 a kowace rana mutum zai kasance a cikin ginin da ba shi ya tsara ba, makullinsa kuma yana aljihun wani. Hatsarin ofis iri-iri ne, amma zan tsaya a kan gobara, domin shirin da aka yi dominta shi ne zai yi amfani ran da tarzoma ta ɓarke ko rufi ya rufta.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin gobarar ofis. A watan Disamba 1981 wuta ta cinye ginin Ma'aikatar Harkokin Waje a Ikko. A watan Janairu 1983 ta kama benen kamfanin sadarwa na NET, mai hawa 32, wanda ya fi kowane gini tsawo a Nijeriya. Ran 9 ga Janairu 1985 sai ga ta a Cocoa House na Ibadan, mai hawa 26, wanda bai koma aiki ba sai 1992. A nan gida kuma, a watan Afrilu 2021 ta ƙone sashen sarrafa bayanai na ofishin hukumar zaɓe ta ƙasa a Kano. Abin da nake so ku lura da shi shi ne irin tambayar da jama'a kan yi bayan kowace ɗaya. Kullum tambayar ita ce, wane fayil ya ƙone, kuma wa ke son ɓoye sata? Zargin yana da dalili, musamman a zamanin Jamhuriya ta Biyu, har ɗalibai sun fita zanga-zanga bayan gobarar NET. Amma ya shagaltar da mu daga tambayar da ta fi ta nauyi: mutanen da ke ciki, ta wace ƙofa suka fita, kuma cikin minti nawa?

Ran 16 ga Satumba 2025 aka sake yi mana tuni. Wuta ta tashi a ɗakin batura da ke ƙarƙashin benen Afriland Towers a tsibirin Ikko, da rana tsaka, mutane suna bakin aiki. Mutum 10 suka rasu, 4 ma'aikatan hukumar tara haraji ta tarayya, 6 na wani kamfanin harkar kuɗi. Wutar tana can ƙasa, su suna sama. Hayaƙi ne ya hau ya same su.

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne mutane suka fi rashin fahimta. Mu in an ce gobara, harshen wuta muke hangowa, sai mutum ya ɗauka muddin bai ga ja ba yana da sauran lokaci. Alhali mafi yawan waɗanda ke mutuwa a gobarar gini hayaƙi ne ke kashe su tun wuta ba ta taɓa su ba. Hayaƙin kara da itace da muka saba da shi a madafa daban ne da hayaƙin ofis. Kujerar soso, labulen roba, silin roba, kwamfuta, rigar wayar lantarki, duk in suka kama suna fitar da iska mai guba wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Shaƙa kaɗan sai kai ya juya, mutum ya kasa gane ƙofar ɗakin da ya shekara goma yana shiga. Ga duhu kuma, domin lantarki ne farkon abin da ke ɗaukewa. An yi gwaji a Amurka, aka cinna wa ɗaki biyu wuta, ɗaya da kayan da, na katako da auduga, ɗaya da kayan zamani. Na farko ya yi kusan rabin sa'a kafin wuta ta game shi, na biyu kuwa bai kai minti 5 ba.

To, ku riƙe minti 5 ɗin nan, ku auna shi da nisanmu. Daga Kano zuwa Gwarzo kimanin kilomita 70 ne. Mu ɗauka ma akwai motar 'yan kwana-kwana a shirye a hedkwatar ƙaramar hukuma, da mai a tankinta, da ruwa cike, da direba a zaune. Kafin a buga waya, a tashi mota, a bi hanya a iso Gude, minti 5 ya wuce sau nawa? Ko a cikin birnin Kano, inda tashoshinsu suke, gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta ci shaguna fiye da 3,000. Saboda haka jifan da akan yi wa 'yan kwana-kwana in sun makara zalunci ne, kuma wauta ce. Aikinsu su hana wuta tsallakawa gidan maƙwabci. Fitar da mutanen da ke ciki aikin mutanen da ke ciki ne.

Yanzu mu leƙa ofisoshinmu. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, domin kusan duk kanwar ja ce. Kowace taga an yi mata ƙarfe, an kafe shi cikin siminti. Mai zanen gini ya sa ƙofa biyu ko uku, amma ta baya an garƙame ta da kwaɗo, an jingina mata kabad da tsofaffin fayiloli da karyayyun kujeru. Ta gaba kuma an ƙara mata ƙyauren ƙarfe, an buɗe ɓari ɗaya. Makullin ta baya yana hannun masinja, masinja kuwa an aike shi sayen abinci. A lungu, ko ƙarƙashin matakala in bene ne, ga janareto da jarkar fetur. Kwanan nan an ƙara da baturan sola, a ɗan ɗakin da iska ba ta shiga. Soket guda yana ɗauke da firji da hita da injin buga takardu, fis ya ƙone an ɗaura masa waya. Duk wannan ƙarfe da kwaɗo don ɓarawo aka yi su, ba kuwa na ce babu ɓarayi ba. Sai dai mun tsare injin buga takardu da akwatin ma'aji, mun mai da akawu da mai shara tsuntsayen keji.

Wannan ciniki, na sayar da ran ma'aikaci don tsare kaya, tsohon abu ne. Ran 25 ga Maris 1911 wuta ta kama wata masana'antar ɗinki mai suna Triangle a birnin Niyok. Masu ita sun saba kulle ƙofa don kada ma'aikata su saci ƙyalle ko su fita hutu ba izini. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata 'yan ci-rani, wasu a bayan ƙofar, wasu sun diro daga hawa na tara. Daga irin waɗannan masifu ne ƙasashe suka tsananta dokokin ƙofa. Mu ma muna da tamu. Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana a kulle ƙofa ta yadda ba za a iya buɗe ta nan take daga ciki ba muddin akwai ma'aikaci a ginin. Gaskiya ne masana'antu dokar ta nufa, amma hayaƙi bai san bambancin masaƙa da sakatariya ba. Akwai kuma Ƙa'idar Gine-gine ta Ƙasa ta 2006, da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun diyya. Dokoki dai ba mu rasa ba. Diyya kuwa magada ke karɓa.

Gyaran ƙofa ba ya bukatar kwangila. A kwashe tarkacen da ke bayanta. Da safe in an buɗe ta gaba a cire kwaɗon ta baya, a bar sakata wadda kowa zai iya zarewa daga ciki. A kowane ɗaki a kira maƙeri ya yanke ƙarfen taga ɗaya, ya mai da shi mai buɗewa, a rataye makullinsa kusa, inda hannu zai kai a cikin duhu. Ƙofar da jama'a da yawa za su bi ta riƙa buɗewa waje, domin in mutum 30 suka danno, ba mai sararin ja da baya ya jawo ƙyaure. Fetur kuma a fitar da shi daga ginin ɗungum.

Sa'an nan sai atisaye, watau gwada fita tun ba abin da ya faru. Na san yadda manyan ma'aikata ke kallonsa: wasan yara ne, ɓata lokacin gwamnati ne, wani ma ya ce kiran masifa ne. Akwai wani mutum, Rick Rescorla, shugaban tsaro na kamfanin Morgan Stanley a Cibiyar Ciniki ta Duniya a Niyok. Ya shekara da shekaru yana tilasta wa ma'aikata, har da manyan darektoci, su bar teburinsu su bi matakala, yana riƙe da agogo, suna ƙunƙuni. Ran 11 ga Satumba 2001, da jirgi ya daki bene na farko, aka yi shela a nasu benen cewa kowa ya zauna a wurinsa. Ya ƙi, ya ce a fita. Kusan mutum 2,700 na kamfanin suka sauka da ransu. Shi ya koma neman waɗanda suka rage, ginin ya rufta da shi. Dalilin atisaye shi ne, a lokacin firgita hankali ba ya aiki, ƙafa kuwa tana bin hanyar da ta saba. Wanda bai taɓa fita ta ƙofar baya ba, ta gaba zai nufa ko da can wutar take. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ofis irin namu abin da ake bukata kaɗan ne. A sami alama guda da kowa ya sani, ƙararrawa ko usur, ko ma tsohon ƙarfen mota irin wanda ake bugawa a makarantar firamare. A zaɓi wurin taruwa nesa da gini, gindin wata bishiya, ba bakin ƙofa ba inda za a tare hanya. A naɗa mutum ɗaya da mataimakinsa, su ne za su leƙa kowane ɗaki har makewayi, su fito da rajistar sa hannu, a kira suna. Kiran sunan nan kada a raina shi, domin da shi ake sanin ko akwai wanda ya rage, kuma shi ke hana wani jarumi komawa neman mutumin da tuni yana waje. A san tun yau wa zai kama hannun makaho, wa zai ɗauki gurgu, wa zai kula da mai juna biyu da tsohon da ya zo bin kuɗin fansho bai san ginin ba. In hayaƙi ya cika, a sunkuya a yi rarrafe, iska mai kyau a ƙasa take. Duk wanda ya fita daga ɗaki ya ja ƙofa, domin ƙyaure a rufe yana tsare hayaƙi. A bene kada a shiga lif. Jaka da waya da takardar shaida a bar su. Bayan an fita sai a kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa, ko lambar tashar 'yan kwana-kwana mafi kusa, wadda ya kamata a rubuta ta da manyan baƙaƙe a bango.

Tukunyar kashe wuta da kuke gani ja a rataye, in akwai ta, ku duba allurarta da ranar da aka cika ta; da yawa ado ne kawai. Mai kyau ma ba ta kai rabin minti tana feshi, don haka ta wutar da ba ta wuce kwandon shara ba ce. A zare fil, a auna gindin wutar, mutum yana bai wa ƙofa baya. Wutar lantarki da ta fetur ba a zuba musu ruwa: ta farko za ta ja mai zubawa, ta biyu za ta hau kan ruwan ta malala. A kashe babban makunni, a yi amfani da yashi. Yashi kuwa, alhamdu lillahi, ba mu saye a ƙasar nan. In babbar riga ko mayafi ya kama, gudu hura wuta ne. Mutum ya faɗi ya yi birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo ko darduma. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata har minti 20, sa'an nan a nufi asibiti. Ɗanyen ƙwai da manja da man goge baki da ake shafawa ƙarin aiki ne ga likita.

Wani zai ce duk abin da Allah ya ƙaddara sai ya auku. Haka ne. Amma malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa an hore mu da kashe wuta da fitila kafin mu kwanta barci. Wanda ya tashi daga aiki ran Juma'a ya bar hita a jone, lantarki ya dawo da ƙarfi tsakar dare cikin iskar hunturu, wannan horon ya saɓa. Kuma a daren, mutum ɗaya ne a harabar, watau maigadi, wanda ya fi kowa ƙarancin albashi, ba a taɓa nuna masa inda babban makunni yake ba, sau da yawa ko kuɗin kira babu a wayarsa. In za a koya wa mutum ɗaya tak a ofis, shi ya kamata a fara koya wa.

Ƙannena, roƙona gare ku kafin hutun nan ya ƙare, kowannenku ya je ofis ɗaya da ke kusa da shi, ɗakin shan magani ne, ko ofishin hedimasta, ko sakatariya in yana da ɗan'uwa a can. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ƙirga ƙofofi, ya tambayi wa ke riƙe da makullin ta baya, ya duba ko akwai tagar da ke buɗewa, ya ga inda aka ajiye fetur. Ku rubuta abin da kuka gani, shugabannin ƙungiya su haɗa shi wuri ɗaya su kai wa shugabannin ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo, tare da roƙon a gayyato jami'an Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano su gudanar da atisaye na farko kafin hunturu ya kama.

Shugaban taro, na ga ka fara duban agogo.