Jawabi ga Hausawa Mazauna Ingila kan Tuƙi cikin Maye

 

Na san da jin batun tuƙi cikin maye wasu za su ce a ransu, mu da ba ma shan giya, ina ruwanmu? Wallahi da ruwanmu. Dokar ƙasar nan ba ta tsaya kan barasa ba. Tun watan Maris na 2015 aka ƙayyade adadin wasu ƙwayoyi da bai halatta a samu a jinin direba ba, irin su wiwi da hodar iblis. Maganin da likita ya rubuta ma, kamar tramadol ko kodin, in ya dagula maka hankali kana riƙe da sitiyari, laifi ne.

Da yawanmu da mota muke ci, wasu tasi, wasu kai saƙo gida-gida. Mutum ya kwana yana aiki, bayansa na ciwo, ya haɗiye ƙwaya don ya kai safiya. Ɗan sanda ya tsayar da shi a gefen titi, ya ga idonsa ya yi nauyi, magana tana sarƙewa, sai ofishinsu a ɗebi jini. Ƙin ba da numfashi ko jini ba tare da uzuri ba shi ma laifi ne. In kotu ta same shi da laifi, za a hana shi tuƙi aƙalla shekara ɗaya, ga tara marar iyaka, ana iya ɗaure shi har wata shida, kuma tabon zai zauna a lasinsa shekara 11. Ina lasin tasi bayan wannan? Ina kuɗin haya, ina abin da ake aika wa tsofaffi gida? Wanda kuma ya kashe rai a wannan hali, tun 2022 hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

Iyaye, kada kunya ta rufe mana baki. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna fita da abokai, ba duk abin da suke sha muka sani ba. Ku gaya musu ƙarara: duk daren da suka ga direbansu ba ya cikin hayyacinsa, su buga waya, za mu je mu ɗauko su, faɗa sai gobe.

Direbobinmu kuma, don Allah duk maganin da aka ba ku, ku tambayi likita ko mai kemis ko ana tuƙi da shi kafin ku tayar da mota. Allah Ya tsare mana rayuka.