Malami Da Littafinsa A Lokacin Dogon Hutu

Jawabin da wani Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ya yi wa malaman makarantun firamare a unguwar Limawa, Minna, gab da tafiya dogon hutu.



Nan da 'yan kwanaki kaɗan za ku rufe rajista, ku sallami yara, ba za ku sake riƙe alli ba sai watan Satumba. Dogon hutu a ƙasarmu tsakiyar damina yake faɗowa, na kuwa san da yawa daga cikinku gona tana jiransu, wasu kuma akwai 'yar sana'ar da ake cike gurbin albashi da ita. Ban zo in raba kowa da fartanyarsa ba. Abin da ya kawo ni roƙo ne guda ɗaya, watau kowane malami ya tafi hutun nan da littafi a jakarsa, littafin da zai karanta don jin daɗin kansa, ba don jarrabawa ba, ba kuma don mai duba makarantu zai tambaye shi ba.

Watakila wani ya ce, ina ruwan gwamnati da abin da malami yake karantawa a ɗakinsa? Akwai ruwanta ƙwarai. Tun daga watan Satumba na 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, a shekarar da aka ƙirƙiro wannan jiha ta Neja, ake ta fama da cika ajujuwa da yara, aka kuma sake ɗaura ɗamara da shirin UBE a 1999. Amma shigar yaro aji daban, iya karatunsa daban. Kowannenku ya taɓa ganin ɗan aji biyar wanda zai rera shafi sukutum da ka, in kuwa ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ka ce mece ce wannan, sai ya sunkuyar da kai. Yaron nan bai taɓa ganin babba ya buɗe littafi yana murmushi ba. A wurinsa karatu wani horo ne da ake yi wa yara, in an girma a huta.

Ba sai kun je nesa neman abin koyi ba. Alhaji Abubakar Imam a Kagara aka haife shi a 1911, cikin ƙasar da take wannan jiha yanzu. Malamin makaranta ne a Midil ta Katsina sa'ad da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labarai a 1933, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki, shi ma malami ne, haka nan Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, yana koyarwa ne a Bauci. Da aka nemi littafin karatu na 'yan makaranta, sai aka kai Imam Zariya a 1936, ya zauna ya yi ta karanta labarun Larabawa da na Turai da na ƙasashen gabas, ya narka su ya zuba su cikin Hausa har ba ka gane baƙi ne. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Ku lura da wannan da kyau: littafin da ya koya wa kakanninmu da iyayenmu karatun boko, daga karance-karancen wani malami ya fito. Ya kuma san halin yara, shi ya sa ya ɗora aku ya yi ta jan Musa ɗan sarki da labari bayan labari. Dabarar aku ita ce dabarar aji.

To, me za a karanta? Ni dai shawarata a fara da waɗannan tsofaffin, ko da an karanta su tun ana yara, gama idon babba yana ganin abin da na yaro ya tsallake. A haɗa da Jiki Magayi. Mai son na baya-bayan nan ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, ga kuma ɗimbin littattafan da marubutan Kano, yawancinsu mata, suka fitar tun daga wajen 1984. Akwai masu raina waɗannan na ƙarshe. Ni ban raina su ba, domin na ga matan aure da yawa waɗanda ba abin da ya riƙe musu karatunsu bayan barin makaranta sai su. Mai jin Turanci kuma ya nemi The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a nan Minna a 1921, ya kuma taɓa zama Daraktan Watsa Labarai na Tarayya. Gajere ne, dare biyu ya ishe shi.

Yanzu ga inda aikinku ya shigo. Karo na farko ku karanta kamar kowa, ku yi dariyar Malam Zurƙe, kada ku riƙe fensir. Karo na biyu ku zaɓi labari uku ko huɗu, ku karanta su da ƙarfi, ko iyalinku ne ku tara bayan sallar isha'i. Dalili kuwa shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Kalmar gari tana iya zama gari na mutane, tana iya zama gari na tuwo. Kuka yana iya zama na jariri, ko kuwa itaciyar da ake miya da ganyenta. Fari ma har kashi uku ne: na launi, da na rashin ruwan sama, da waɗanda suke cinye amfanin gona. Ba abin da yake raba su a takarda sai ma'anar jimla, saboda haka dole idon mai karatu ya riga bakinsa isa ƙarshen layi. Ni kaina, da nake taƙama da aikin fassara, na taɓa tsayawa gaban jama'a ina karanta wata sanarwa da ban duba ba tukuna, na mai da baƙin da aka gayyato baƙi na launi. Dariyar da aka yi mini ran nan ta fi kowace lacca amfani a gare ni. In haka ta sami babba, ina ga yaro ɗan shekara bakwai?

Sa'an nan ku tuna Minna gari ne na taron jama'a. A aji guda za ka sami ɗan Gwari da ɗan Nufe da Bayarabe da Bahaushe, duk suna Hausa a filin wasa, amma ba duka ne kunnensu yake raba k da ƙ, ko ts da s ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a wurin, to amma jin harshe a kasuwa bai isa ya sa yaro ya ga bambancin baki da baƙi a allo ba. Yayin da kuke karatun nan na biyu, ku ajiye ɗan littafin rubutu kusa, duk kalmar da kuka ga za ta yi wa yaranku tarko ku rubuta ta. Kafin hutu ya ƙare kun tara abin da zai ishe ku darasin gaɓoɓi na zango guda, daga cikin labarin da yara za su so su ji ƙarshensa.

Na san za a ce littafi ya yi tsada, kuma gaskiya ne. Amma malamai biyar na makaranta ɗaya suna iya yin karo-karo kamar adashi, kowa ya sayi littafi daban, a riƙa musanya duk ranar Juma'a. Wanda yake da waya mai intanet zai iya samun wasu a ciki, sai dai in zai karanta wa yara, gara su ga takarda a hannunsa, su ga yana juya shafi.

Idan aka dawo a watan Satumba, ina roƙon shugabannin makarantu su bar wa kowane malami minti goma kafin tashi, ya karanta wa ajinsa abin da ya zaɓo. Ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, ya rufe littafin, ya ajiye shi a kan tebur inda hannun yaro zai kai, kada ya kulle shi a kabad.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da ku lafiya.