Farfaɗiya da Maganinta: Jawabin Malamin Lakkwal a Taron Ƙungiya

Iyayenmu dattawa, mai gari, liman, da ƴan uwanmu ƴan ci-rani da sunka dawo gida don noma, muna gaishe ku, muna godiya da kunka ba mu wuri. Mu ɗiyanku ne, ba likitoci ba ne, alli da allo munka sani. Amma abin da ya faru cikin lakkwal ɗinmu shi ya sa munka je munka tambayi masu aikin lafiya, kuma abin da munka jiyo shi munka kawo muku yau.

Wata safiya muna cikin lissafi, wani yaro ya faɗi, jiki na jijjiga, baki na kumfa. Yara duka sunka watse, kowa na tsoron yawunshi. Uban ya zo ya ɗauke shi, ya ce aikin iskoki ne. Da ƙyar munka shawo kanshi anka kai yaron asibiti, anka ɗora shi bisa magani. Wata biyar bai faɗi ba. Sai uban ya ce ai ya warke, ya bar saye. Ba a yi sati biyu ba yaron ya faɗi bakin murhu, hannunshi na dama ya ƙone. Yau da hagu yake koyon rubutu.

Iyayenmu, farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne. Takan biyo bayan sanƙarau, ko zazzaɓin sauro da ya hau kai, ko wahalar haihuwa, ko bugun kai wajen faɗuwar babur. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko cin tuwo ƙwarya guda. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kamar mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma cikin goma, har bakwai na iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

Magungunan ba sababbi ba ne. Gardénal, wato fenobarbital, tun 1912 ake ba masu farfaɗiya shi. Tégrétol, wato karbamazepin, an gano shi a ƙasar Suwis cikin 1953. Akwai kuma Dépakine. Shi Tégrétol aiki ukku yake yi: yana tsai da faɗuwa, yana kwantar da ciwon jijiyar fuska, mai tsirawa kamar walƙiya in mutum na tauna ko wanke ido, ana kuma ba da shi ga wanda hankalinshi kan tashi, kwana da kwanaki babu barci, sai surutu da ɓarnar dukiya, daga baya shi faɗa baƙin ciki. Amma kowane ciwo da awonshi, likita ɗai ke yankewa. Kada wani shi ba maƙwabci nashi.

Ga abin da ya kamata mu riƙe.

Na ɗaya, kullum ake sha, lokaci guda. Maganin danne ciwon yake yi, kamar murfi bisa tukunya. In anka bari farat ɗaya, faɗuwa na iya dawowa ta fi ta da, har ta ƙi tsayawa. Sai mutum ya yi aƙalla shekara 2 bai faɗi ba likita ke duba ko a rage, shi ma sannu-sannu.

Na biyu, da farko ana iya jin jiri, ko barci, ko ganin abu biyu-biyu. Yawanci yakan lafa. Amma in ƙuraje sunka fito ga jiki, ga zazzaɓi, baki da ido na saɓulewa, a tafi asibiti ranar nan, kada a kwana.

Na ukku, mata. Dépakine na iya cutar da ɗan da ke ciki. Tégrétol da Gardénal kuma na rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Mace ta faɗa ma likita tun kafin ta ɗauki ciki, kuma kada ta bar magani da kanta.

Na huɗu, ƴan uwa matafiya. Mai shirin Abijan, Kwatano, Ikko ko Libiya, shi tafi da guzurin magani da takardar likita. A saya farmasi, ba ga masu tallar ƙwayoyi cikin rana ba. A ajiye wuri busasshe, don laima na rage ƙarfin Tégrétol. A guji giya da rashin barci, a guji tiramol, don shi kanshi yana tada jijjiga. Mai faɗuwa kada shi shiga ginar rijiya, ko hawan bene, ko tuƙin kabu-kabu. Zancen azumi kuwa, a tambayi likita da liman tun watan bai kama ba.

In mutum ya faɗi gabanmu, mu janye shi daga wuta da ruwa, mu sa tsumma ƙarƙashin kanshi, mu kwantar da shi bisa gefe. Kada a danne shi, kada a sa cokali bakinshi, kada a ɗura mai ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai. In jijjiga ta wuce minti 5, a nemi amalanke ko mota.

Ba mu hana kowa addu'a ba. A haɗa ta da magani. Roƙonmu biyu ne. Ƙungiya ta ware wani abu cikin asusunta, don kada maganin ɗan garinmu shi yanke lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sa'an nan duk mai yaro irin wannan da ya ɓoye cikin gida, shi maido muna shi lakkwal. Bencinshi na nan, kuma mun koya ma sauran yara abin da za su yi in ya faɗi.

In mun yi kuskure a gafarta muna. Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, shi ba mu damana mai albarka. Wassalam.