Abin da Muka Gano a Zangon Jarwal

Malam ya umurce mu mu faɗa wa jama'a kaɗan daga abin da muka gani a aikin hajjin 2024. Zancen Arfa da Mina malamai sun riga sun yi shi. Mu namu na unguwar da aka sauke mu ne, wadda ake ce da ita Jarwal.

Jarwal tana arewa maso yamma da Harami, mai lafiya yana zuwa da ƙafa. Duwatsu ne ko'ina, ƙememe, ba ciyawa. Wanda ya saba da kurmin Asante, inda ko sanda ka kafa sai ta yi toho, in ya ɗaga kai sai jikinsa ya yi sanyi. A nan rijiyar Zi Tuwa take. Malam ya karanta mana cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kwana a wurin, ya yi wanka da safe, sa'an nan ya shiga Makka, kuma Abdullahi ɗan Umar ya riƙa yin haka. A zamanin raƙuma kuwa, nan ayarin Jidda yake sauke kaya. Watau Jarwal zango ce, kamar yadda kakanninmu fataken goro suka yada zango a Salaga da nan Kumasi har wurin ya ci sunan.

To, a Jarwal da Masfala akwai Hausawa mazauna, waɗanda ake kira 'yan Takari. Bari mu faɗi gaskiya a gaban Malam. Tun a jirgi muke gargaɗin junanmu, a yi hankali da su, kada a sake da su. In ɗayansu ya yi mana sallama sai mu amsa da rabin baki, hannunmu na bisa jaka.

Zafin shekarar nan ba sai mun faɗa muku ba, mutum fiye da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wata rana da azahar muna komowa daga Harami da abokinmu na makarantar allo, sai ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a bakin hanya. Mu uku muka tsaya muna kallon juna, ba Larabcin kasuwa, ba mu san inda za mu nufa ba. Sai ga wani dattijo daga wani ɗan kanti. Bai tambaye mu kome ba. Ya sa yaransa suka kinkimi mutumin zuwa inuwa, ya jiƙa rawaninsa ya shimfiɗa masa a ka, ya riƙa ba shi ruwa kaɗan kaɗan har ya buɗe ido. Sa'an nan ya dube mu ya ce, «Bayin Allah, daga wace ƙasa?»

Hausa ce tsantsa, irin ta tsofaffi. Kuma shi ne muka wuce kwana huɗu muna kau da kai.

Muka zauna har la'asar. Ya ce a Makka aka haife shi, haka ubansa. Kakansa ya fito da hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Da ƙafa suka bi ta Wadai da Darfur, suna noma suna tara guzuri, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Ya ce har gobe akwai masu kiransa baƙo. Da muka miƙa masa kuɗi sai ya ɓata rai, ya ce, «Ƙanena, ruwan ma sai na sayar maka?»

Kai jama'a, kunya ta kama mu. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, aka sayar da gidaje da arahar banza, aka rabu da abokan shekara talatin a tashar mota. Kullum muna kukan ana ce mana baƙi a garin da aka binne cibiyarmu. Ashe abin da muke ƙi yana cikin ƙirjinmu, muka ɗauke shi har Makka ba mu sani ba. Daren nan ba mu yi barcin kirki ba. Muka yi ta ƙirga samarin Nijar da na Arewa da suka zo ƙofar masallacinmu neman wurin kwana muka ce su komo gobe, alhali littafin baƙi a hannunmu yake.

Saboda haka muka kai wa Malam shawara, ya kuwa yarda. Ɗakin nan na bayan masallaci da aka cika da tsofaffin tabarmi da buhunan siminti, za a kwashe shi a mai da shi masaukin baƙi, kwana uku ga kowane mutum, ba tare da an tambaye shi ko sisi ba. Ana bukatar kwanon rufi, da katifa huɗu, da wanda zai riƙa kai tuwon dare bi da bi. Wanda ya yi niyya ya same mu bayan sallar Juma'a, za mu rubuta sunansa. Samari kuma su zo ran Asabar da safe da tsintsiya.