Kafin Ruwa Ya Sauka: Tallafin da Ƙungiyoyin Sa-kai Ke Buƙata a Kwarin Haɗeja



A kwarin Haɗeja ambaliya ba baƙuwa ba ce. Ruwan da ke fitowa daga madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano yana gangarowa ta Ringim, ya ratsa Auyo da Haɗeja, ya nufi Kirikasamma da Guri. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, wurare da dama suka daina ƙafewa da rani, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Damina na yin nisa, ruwa ya rasa hanya, ya faɗa gonaki da gidaje. A 2022 sama da mutum 600 suka rasu a faɗin Najeriya, sama da miliyan 1.3 suka bar gidajensu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin jinga cikin watan Satumba ya san waɗanda ke tsaye a wurin. Samari ne na ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan agaji na masallatai, ruwa ya kai musu gwiwa, wani riƙe da fitila, wani yana ɗura ƙasa a tsohon buhun taki, ana miƙawa hannu da hannu zuwa inda jingar ta fara yoyo. Mata suna cikin gida suna tuƙa tuwon masu gayya. Masunta sun ajiye koma, sun mai da kwalekwalensu abin kwashe tsofaffi da yara. Kafin motar hukuma ta farko ta iso, waɗannan sun yi kwanaki suna aiki, kuma bayan an gama rabon shinkafa da tabarmi an tafi, su ne za a bari da marayu da rijiyoyin da masai ya gurɓata.

Abin da ke damuna shi ne lokacin da tallafi ke zuwa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA kuma ta bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari kafin ruwa ya kankama. Amma wannan bayani yakan tsaya a ofis, bai isa ga sakataren ƙungiyar da zai tara mutane ba. Kuɗi ma sai gari ya nutse ake sakin su. Alhali buhu da shebur da igiya da rigar ruwa, a watan Afrilu suke da araha, a lokacin ne kuma ƙasa ta bushe, za a iya ɗaga jinga a yashe magudana cikin natsuwa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ita ma ƙungiyar ruwa yana cinye ta. Na ga littafin adashen wata ƙungiyar mata an shanya shi a kan darni, tawada ta narke, ba a gane wa ya zuba, wa ya kwasa. Amanar shekaru ta shiga ruɗani a dare ɗaya. Shugabar da ake jira ta jagoranci taimako, ita ma ɗakinta ya rushe. Maiduguri ta nuna mana haka ƙarara a daren 9 zuwa 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa da fadar Shehu. Wuraren da ake gudu zuwa gare su, su ma sun nutse, masu ceto da yawa kuwa sun bar nasu iyalan cikin ruwa.

Don haka ina ganin hukumar agajin gaggawa ta jiha ta yi rajistar waɗannan ƙungiyoyi mazaɓa-mazaɓa, da lambobin wayar shugabanninsu, ta hannun dagatai da masu unguwanni, domin gargaɗi ya isa gare su da Hausa, ta rediyo da saƙon waya. A koya musu taimakon farko da tsabtace ruwan sha, tunda amai da gudawa kan biyo sawun ambaliya. A taimaka musu su ɗauki hoton littattafansu a waya, su ajiye kwafi a wuri mai tudu. Idan an zo rabon kayan farfaɗowa, a sa ofishin ƙungiya da kayan aikinta cikin lissafin asara, a kuma ba manoma iri da wuri su kama noman rani.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomi da attajiranmu shi ne, abin da kuka saba bayarwa a Satumba, ku ba da rabinsa a Afrilu, ku damƙa shi a hannun mutanen da za su kwana a kan jinga.