Wasan Tsakuwa Mai Koyad Da Riƙon Dukiya

Jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum! Kun san dara, mai gaggawa shi ake cinyewa. To, haka riƙon dukiya yake, ko hatsin gona ne, ko kuɗin zinariyar Bagega.

Ga wasan da za ku yi bayan karatu. Mutum 10 su zauna, ko wanne da tsakuwa 20, watau buhunan da ya samu da kaka. Malam ya riƙa kiran watanni 12, ko wane wata a fid da ɗaya, abincin gida ke nan. In ya ce, "Biki!" kowa ya fid da abin da ransa ya so. In ya ce, "Ciwo!" a fid da uku. Wanda tasa ta ƙare ya ranci ɗaya, ya biya biyu.

Sa'an nan ku sake wasan da adashi: kowa ya zuba ɗaya, mai bukata ya kwashi 10. Ku rubuta sunansa da hannunku. Tsakuwa ɗaya ba ta daɓe.

Ku yi hasararku a nan, inda ba ta hana yara cin tuwo.