Darasin Kodak da Fujifilm ga Shugabancin Malamai



An nemi in yi magana kan shugabanci a zamanin da fasaha ke sauya sana'o'i cikin gaggawa. Zan kafa hujjata da kamfanoni biyu masu yin fim ɗin ɗaukar hoto: Kodak na Amurka da Fujifilm na Japan.

A shekarar 1975, wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital, wadda ba ta buƙatar fim. Sai dai arzikin kamfanin a kan fim da wanke hoto ya dogara, don haka shugabanninsa suka yi ta jan ƙafa. Daga baya sun shiga kasuwar, amma ribarta ba ta kama ƙafar ta fim ba. A 2012 Kodak ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi.

Guguwar nan ba ta tsallake Fujifilm ba. Amma shugabansa, Shigetaka Komori, ya sa aka lissafa duk gwanintar da kamfanin ya tara, aka nemi inda za ta yi amfani idan fim ya mutu. Sai aka lura cewa sinadarin kolajin da ake yin fim da shi yana cikin fatar ɗan Adam, kuma ilimin hana launin hoto koɗewa yana da amfani wajen kula da fata. A 2007 suka fito da man shafawa na Astalift, suka kuma faɗaɗa harkar magunguna da na'urorin asibiti. Kamfanin yana nan daram.

'Yan uwa, kiɗan namu ma ya sauya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma kun san halin da ɗaliban da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba suka shiga. A watan Nuwamba na 2022 aka fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta wa ɗalibi aikin gida cikin ƙiftawa da bismillah. Idan aikin malami bai wuce kwafe darasi a allo ba, to na'ura ta fi shi sauri da araha, kuma masu tsara kasafi za su lura.

Saboda haka ina kira ga shugabannin reshenmu da abubuwa uku. Na farko, mu yi irin lissafin Komori: gano yaron da bai fahimta ba, tarbiyya, da tantance gaskiya daga shaci-faɗin na'ura, su ne jarinmu. Na biyu, mu sa batun horar da malamai a lokacin aiki cikin tattaunawarmu da hukuma tun kafin a sayo na'urori, tare da alƙawarin cewa ba za a fake da su a rage ma'aikata ba. Na uku, mu sake salon auna ɗalibi, ya riƙa kare abin da ya rubuta da bakinsa a gaban aji.

Ina roƙon kada mu tashi daga zauren nan sai mun naɗa kwamitin da zai kawo rahoto a taro na gaba. Allah ya yi mana jagora.